Ƙananan yara na mutuwa a arewacin Kanada da Girinlan, sanyin ne ko laifin mutane?

Baban Khalil:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani yanki a can ƙuryar arewacin Kanada sunansa Nunabut, girmansa ya ninka Najeriya sau biyu har da ɗoriya amma mutanen cikinsa gaba ɗaya wajen dubu 40 ne kacal, yawancinsu 'yan ƙabilar Inuwit. A watan Mayun 2023 babbar mai bincike ta gwamnatin Kanada, Karen Hogan, ta fitar da rahoto a kan ma'aikatar da ke kula da yara a yankin, abin ba daɗin ji. Wai a kai ƙarar ana cutar da yaro ba a bi diddigi ba, gidajen da ake kai yara riƙo ba a zuwa duba su yadda doka ta ce, ita kanta ma'aikatar ta kasa bada cikakken lissafin yara nawa ne a hannunta. Kuma karo na uku ke nan, an yi a 2011 an yi a 2014. Ga mutuwar jarirai a can ta ninka ta sauran Kanada. Ni abin da ya ɗaure min kai, ƙasa mai arziki irin Kanada, mutum dubu 40 da ko unguwa guda a Kano ta fi su yawa, a ce an kasa tsare musu yara? Masu zama can ku yi mana bayani don Allah.

Alhaji Garba:
Wa alaikumussalam. Baban Khalil ai amsar a fili take, giya ce. Duk inda ka ga uwa ta sha uba ya sha to yaro ya shiga uku. Ba sai an yi dogon turanci ba.

Sadiya_K:
innalillahi. ni wlh na dauka kasashen turawa basu da irin wannan matsalar, ashe ko ina da nasa

Anti Rabi (Winipeg):
Wa alaikumussalam. Ni nas ce, kuma ina zuwa aikin kwantiragi a ƙauyukan arewa lokaci-lokaci, don haka bari in sa baki. Alhaji ban ce giya ba ta ciki ba, tana ciki dumu-dumu, amma in ka tsaya a nan ka bar kaso mafi tsoka a baya.

Da farko ku gane yadda wurin yake. Garuruwa 25 ne a Nunabut, babu titi ko guda ɗaya da ya haɗa wani gari da wani, ko jirgin sama ko jirgin ruwa da bazara in ƙanƙara ta narke, shi ke nan. Babban asibiti guda ɗaya ne, yana Ikaluwit babban birninsu. Yawancin sauran garuruwan ɗan ƙaramin asibiti ne da mu nas-nas muke riƙe da shi, likita sai dai ya zo ziyara ko a kira shi a waya. To yaro ɗan wata takwas an kawo shi cikin dare kansa ya bugu, ba na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ba likitan tiyata, sai dai a kira jirgin ɗaukar marasa lafiya, in iskar dusar ƙanƙara ta taso jirgin ba zai iya sauka ba sai ta lafa, tana iya kaiwa gobe tana iya wuce gobe. Daga Ikaluwit zuwa Otawa kuma tafiyar awa uku ce a sama, wajen kilomita 2,000, kamar a ce yaro ya ji ciwo a Kano sai an wuce Legas da shi an ƙara wata tafiyar irinta kafin a ga likitan da zai iya. Raunin da a Toronto za a yi aiki yaro ya tashi, a can shi ne ajali.

Na biyu cunkoso. Ƙidayar 2021 ta nuna fiye da rabin Inuwit da ke zaune a yankunansu na gado a cunkushe suke a gidaje. Gida mai ɗaki biyu ko uku za ka tarar da kaka da 'ya'ya da jikoki da wani kawu da ba shi da wurin kwana, har kwana ake yi karɓa-karɓa. A watan Janairu kuma sanyi na kaiwa 30 ƙasa da sifili, ba maganar a shimfiɗa tabarma a tsakar gida ko yara su tafi gidan maƙwabta su kwana. Kowa na ciki, mai hankali da mara hankali, mai maye da jariri.

Alhaji Garba:
To Hajiya mu nan ba cunkoson muke ciki ba? Gidan haya mutum goma ɗaki ɗaya a Kurna ko Rigasa, amma ba mu zama haka ba.

Maman Ilham:
Alhaji ka yi haƙuri, wa ya ce maka ba mu zama haka ba? Mu dai ba a ƙirgawa ne. Yaro ya rasu da asuba kafin azahar an kai shi makwancinsa, wa ya duba jikinsa, wa ya tambayi matar uba ko mai riƙo me ya faru. Sai a ce kwana ya ƙare, kowa ya yi shiru. Na Hanifa a Kano da ya girgiza ƙasa a 2022 ai don an kama mai makarantar ne ya fito fili.

Baban Khalil:
Maman Ilham gaskiya ne amma kar mu karkata, namu na nan za mu buɗe masa zaurensa daban. Anti Rabi ci gaba, shin yawancin yaran dukansu ake yi har su mutu ko me?

Anti Rabi (Winipeg):
A'a ƙanina, kuma nan ne wahalar take. Wanda aka daka da gangan har ya mutu akwai, jaririn da aka jijjiga don ya ƙi daina kuka jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa akwai, amma su ne kaɗan. Mafi yawa suna tsakiya ne, wurin da ba ka iya cewa tsautsayi ne zalla kuma ba ka iya cewa kisa ne. An bi mutuwar jarirai a Nunabut daga 1999 zuwa 2011, kusan rabinsu irin mutuwar nan ce ta farat ɗaya cikin barci, a kwantar da jariri lafiya lau a wayi gari babu shi. Abubuwan da ke ƙara haɗarinta sanannu ne, kwantar da shi rub da ciki, hayaƙin taba a ɗaki (fiye da rabin manya a can suna shan taba), kwana da shi a gado ɗaya da babban da ya sha wani abu, lulluɓe shi da barguna masu nauyi saboda sanyi. To uwar da ba ta da wani gado a gidan, ta kwanta da ɗanta a katifa ɗaya da wasu mutum uku, ka kira ta mai sakaci? In kuma ta sha kwalba biyu kafin ta kwanta fa, sunan ya canja? Shi ya sa lissafin yaran da cin zali ko sakaci ya kashe kullum yake fitowa ƙasa da gaskiya, takardar mutuwa ba ta ɗaukar wannan bayanin. Ko binciken gawa ma sai an sa ta a jirgi an kai kudu.

Sai na waɗanda suka fara tafiya. Yaro ɗan shekara biyu ya buɗe ƙofa cikin dare da 'yar singileti, a wannan sanyin ba ya daɗewa. Karnukan jan keken ƙanƙara da ake ɗaurewa a bayan gari, yaro ya matsa kusa su yi masa rubdugu. Babur ɗin ƙanƙara da mai ƙafa huɗu, su ne motar kowa, ana ɗora yara ba hular kwano. Bindigar farauta a kusan kowane gida domin da ita ake ci. Ruwa kuma in ƙanƙara ta fara laushi, a taka ta burma.

Saboda maganar barcin nan ne gwamnatin yankin ta fara raba kwalin jarirai a 2016, kwali ne da 'yar katifa a ciki da kayan jariri, ya zama gadonsa shi kaɗai. Daga Finlan suka kwaikwayo, su tun 1938 suke yi.

Ibro Damagaram (Montiriyal):
Salam alaikum. Alhaji tunda giya kake so a yi magana to ga labarin giya, amma ka ji shi har ƙarshe. Davis Inlet, wani ƙauye ne a kan tsibiri a Labrador da ke gabashin Kanada, mutanen Innu ne su ba Inuwit ba. Watan Fabrairu 1992 gobara ta tashi a wani gida yara shida suka ƙone, iyayen suna waje wurin sha. Mutanen gari suna tsaye suna kallo saboda babu ruwan famfo a gidajen balle motar kashe gobara. Shekara ta zagayo, 1993, aka ɗauki bidiyon wasu yara shida a wata rumfa suna shaƙar fetur suna ihu suna cewa so suke su mutu, duniya duka ta gani. To tambaya ita ce ya aka yi suka je wannan tsibiri? Mutane ne makiyayan daji masu bin garken barewar ƙanƙara, a 1967 aka tattara su aka zube a tsibiri da alkawarin gidaje da ruwa, in ƙanƙara tana narkewa ko tana daskarewa ba su iya ƙetarawa wurin farauta. Namiji da ya san shi ne mai ciyar da gida ya koma zaman jiran takardar tallafi. Sai 2002 aka mai da su sabon gari Natuashish, kuma su da kansu suka kaɗa ƙuri'a suka haramta giya a 2008. Matsalar ba ta ƙare ba, ana shigowa da ita a ɓoye da tsada, kuɗin abincin yara ya tafi can.

Alhaji Garba:
Ka ga ai ka dawo kan maganata Ibro. Iyayen suna wurin sha. Ko wane ne ya kai su tsibiri, ba shi ya ɗura musu a baki ba. Ni ba na son wannan ɗabi'ar ta komai a ce Bature, mu ma Bature ya mulke mu.

Malam Auwal:
Alhaji Bature ya mulke mu amma bai kwashe mana 'ya'ya ba, nan ne bambancin. Mu da ya zo ya tarar da sarauta da alƙalai da makarantun allo ya bar su, ya bi ta kansu ya yi mulkinsa. Su kuwa yara wajen 150,000 na 'yan asalin Kanada aka raba da iyayensu aka kai makarantun kwana da coci-coci ke gudanarwa da kuɗin gwamnati, a hana yaro yarensa, a doke shi, wasu a lalata su, dubbai suka mutu a can. Na ƙarshe sai a shekarun 1990 aka rufe su, jiya-jiya ke nan. Firaminista Stephen Harper ya nemi gafara a 2008, hukumar gano gaskiya da sulhu ta kammala rahotonta a 2015. Ka ɗauki yaro ɗan shekara shida ka raba shi da uwa, ya girma bai taɓa ganin yadda ake rarrashin yaro ba sai yadda ake horonsa, ya dawo gida ba ya jin yaren kakarsa, sannan ya haihu. Me zai ba nasa ɗan?

Kuma maganar rashin addini da na san can za ka nufa, masu addinin ne ma suka yi wasu ɓarnar. Wani fada na cocin Katolika ɗan asalin Beljiyam, Eric Dejaeger, a garin Igloolik da ke Nunabut ya yi ta'asarsa tsakanin 1978 da 1982, sai a 2014 kotu ta same shi da laifi a kan yara da dama, a 2015 aka yanke masa shekara 19. Wani kuma Johannes Rivoire da ake tuhuma ya koma Faransa, Inuwit suka bi shi har can, Faransa ta ƙi miƙa shi, ya mutu a 2024 bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. A jihar Alaska ta Amurka ma haka, a 2007 ƙungiyar fada-fada ta Jesuit ta yarda ta biya dala miliyan 50 ga mutum 110 'yan asalin yankin da aka ci zarafinsu suna yara. Binciken lafiyar Inuwit na 2007 zuwa 2008 a Nunabut, kashi 52 cikin 100 na matan da kashi 22 na mazan da suka amsa sun ce an yi musu mummunan cin zarafi na lalata suna yara. Waɗannan su ne iyaye da kakanni na yau.

Ban ce wannan ya wanke wanda ya bar 'ya'yansa ya tafi sha ba. Laifinsa na wuyansa. Amma in kana son ka san me ya sa gari guda ya faɗa kwalba lokaci ɗaya, dole ka waiwaya.

Sadiya_K:
subhanallah kashi 52 fa. to su yan sanda me sukeyi, ba'a kai kara ne

Anti Rabi (Winipeg):
Sadiya 'yata kin taɓo inda ke min ciwo. Ki ɗauki gari mai mutum 800 ko 1,000, kowa ɗan uwan kowa ne. Wanda ya taɓa yarinyar ƙanin babanta ne, ko shi ne mai farautar da ke kawo wa gidan nama, ko shi ne sunansa ke kan takardar gidan hayar gwamnati da kowa ke kwana a ciki. 'Yan sanda biyu ne ko uku, baƙi daga kudu, bayan 'yan shekaru a canja su. Ma'aikaciyar jin daɗin jama'a wani lokaci babu ita sam wata da watanni. Kotu kuma a jirgi take zuwa, alƙali da lauyoyi su sauka su zauna a zauren gari su yi 'yan kwanaki su tashi, in an ɗaga shari'a sai zuwa na gaba. Duk tsawon wannan lokacin yarinyar da wanda ta kai ƙara kanti ɗaya suke sayayya, hanya ɗaya suke bi. Uwar ina za ta gudu da ita? Ba tasha ba mota, tikitin jirgi kuwa kuɗin abincin wata ne ko fiye.

Sannan babban abin tsoron, in kin kai ƙara ba lalle a ɗauke mai laifin ba, yarinyar za a iya ɗaukewa. In babu gidan riƙo a garin a kai ta wani gari, wasu har kudu, Ontariyo ko Albata, cikin mutanen da ba sa jin yarenta. Ga kakar da ita ma jirgi ya taɓa ɗauke ta tana ƙarama, kina ganin za ta ɗaga waya ta kira gwamnati? Gaba kura baya sayaki.

Musa Kofanhegan:
Anti Rabi wallahi kamar kina ba da labarin Girinlan, tsibirin Inuwit da ke ƙarƙashin Denmak. Nan Denmak muna tare da su, kuma rigimar da ake ke nan. Mutanensu duka wajen dubu 56 ne. A 2019 gidan talabijin na ƙasa ya nuna wani shiri a kan garin Tasiilaq da ke gabashin tsibirin, yadda lalata da yara da kashe kai suka yi katutu, sai da gwamnatin Girinlan ta sauke girman kai ta roƙi Denmak taimako, aka ware kurona miliyan 80. Amma kun san ita Denmak ɗin da aka roƙa? A 1951 ita ta kwashi yara 22 daga Girinlan ta kawo su nan wai za a mai da su ƙananan Danishawa su koma su zama abin koyi. Shida aka ba iyalai a nan, 16 aka mayar amma ba gidan iyayensu ba, gidan marayu a Nuuk babban birninsu, kuma sun manta yarensu ba sa iya hira da uwayensu. Sai a Disamba 2020 Firaminista Mette Frederiksen ta nemi gafara, lokacin shida suka rage da rai.

Kuma bai ƙare ba fa. Iyalan Girinlan da ke zaune a Denmak, wani rahoto na 2022 ya nuna kashi 5.6 na 'ya'yansu hukuma ta raba da gida, na Danishawa kashi 1. A da akwai wata jarrabawar tantance cancantar iyaye da ake yi musu da harshen Danish da ma'aunin Bature, mace ta yi shiru ko ta ƙi kallon idon mai tambaya saboda kunya irin tasu sai a rubuta ba ta da kuzarin tarbiyya. Har jaririya aka karɓe awa biyu da haihuwa a 2024, mutane suka fito zanga-zanga a Nuuk da Kofanhegan, a 2025 aka hana yi musu wannan jarrabawar. Mu baƙi ma da muke nan kowa a tsorace yake da hukumar yara, balle su.

Maman Ilham:
To ni a nan zan rabu da ku kaɗan Malam Musa. Duk na ji tarihin kuma abin tausayi ne, amma yarinya 'yar shekara huɗu da ake cutarwa yau ba ruwanta da 1951. In zaɓin shi ne ta rasa yarenta ko ta rasa ranta wallahi a ɗauke ta. Yare ana koyo daga baya. Ni abin da nake tsoro kar garin gyaran laifin da, ma'aikata su koma jin tsoron taɓa kowane gida don kar a ce musu 'yan mulkin mallaka, a bar yara a hannun azzalumai.

Musa Kofanhegan:
Hajiya ai ba wanda ya ce a bar ta. Cewa ake me ya sa ita za a fitar, shi ya zauna a gida yana shan shayi? Kuma wa ya ce miki inda ake kai su lafiya suke? Ki koma kan rahoton da Baban Khalil ya kawo, gidajen riƙon ma ba a duba su.

Maman Ilham:
To a fitar da shi a kai shi ina, Anti ta ce gidan nasa ne kuma ba wani gidan. Ka ga mun dawo kan gini ke nan.

Ibro Damagaram (Montiriyal):
Ai kuwa gini ne. Ni da za a ba ni zaɓi tsakanin ma'aikata ɗari da gidaje dubu, gidaje zan ɗauka. Amma gini a can ba wasa ba ne, ƙasar a daskare take har ƙarƙashi sai an kafa gida a kan ƙarafa, siminti da katako da ƙusa duk sai jirgin ruwa ya kawo a 'yan watannin da teku ke buɗe, in ka makara sai baɗi.

Malam Auwal:
Maman Ilham tsoronki yana da tushe, ga misali daga Norwe da ba su da talauci ko cunkoso irin na Nunabut. Tysfjord, a lokacin ƙaramar hukuma ce a arewacin ƙasar mai mutum wajen 2,000. A 2016 mutum 11 suka fito a jarida suka faɗi abin da aka yi musu, 'yan sanda suka shiga bincike, a 2017 suka ce sun gano laifuka 151 na cin zarafi, tun daga 1953, mafi ƙanƙantar wanda abin ya shafa shekara huɗu. Yawancinsu 'yan ƙabilar Sami ne, 'yan asalin wannan yankin. Abu biyu suka haɗu. A cikin gida akwai rufa-rufa, dangi ya fi komai, ga wata ɗariƙar coci da ake zuwa a yi tuba a ce an yafe magana ta mutu a nan. A waje kuma hukuma ta kau da kai shekara da shekaru, ta ce al'amarinsu ne, su kuma ba su yarda da hukumar da ta taɓa hana su yarensu a makaranta ba. 'Yan sanda da bakinsu suka nemi afuwa. Kun ga ba ɗaukewa ba ce kaɗai zalunci, kau da kai ma zalunci ne, kuma ƙasa ɗaya tana iya yin duka biyun.

Alhaji Garba:
Wannan na tuba a ce an yafe magana ta mutu, kai, kamar a gidanmu. A tara dattawa a ce a rufa asiri yarinya ce za ta yi aure. Allah ya shirye mu. Amma har yanzu ina nan kan bakana, a cire giya a gani in rabin abin bai tafi ba.

Anti Rabi (Winipeg):
Alhaji garuruwa da dama a Nunabut da Alaska sun haramta ta ko sun taƙaita, su suka zaɓa da ƙuri'arsu, kuma a Alaska an ga raunuka sun ragu a ƙauyukan da suka hana, wannan na ba ka. Amma ana fasa-ƙwaurinta, ƙaramar kwalba a sayar da ita ninkin ba ninkin, kuma wanda ya saya da tsada a ɓoye ba ya kurɓa, shanyewa yake tas kafin a gan shi. Shi ya sa Ikaluwit ta bi wata hanyar a 2017 ta buɗe kantin giya mara ƙarfi wai a karya 'yan sumoga, har yau ana gardama ko ya taimaka ko ya ƙara.

Kuma don Allah kar a tashi daga nan da tunanin mutanen nan ba sa son 'ya'yansu. Ban taɓa ganin masu son jarirai kamarsu ba. Goyo suke yi kamar mu, rigar sanyin uwa tana da aljihu a baya, jariri na ciki jikinsa na jikinta har ya shekara biyu. Suna da riƙo irin namu, a haifi yaro a ba kaka ko inna, kuma doka ta san da shi. A sa wa jariri sunan wanda ya rasu, sai ka ji dattijuwa tana kiran ɗan jariri babana tana girmama shi. Ni da na ji haka dariya na yi na ce ashe da 'yan uwanmu a nan.

Baban Khalil:
To akwai abin da aka gwada ya yi aiki kuwa, ko duk rahoto ne a kan rahoto?

Malam Auwal:
Akwai, sai dai yawanci ƙanana ne. A Alaska nutsewa a ruwa na cin yara sosai, a 1996 a garin Homer aka fara rataye rigunan ceto na yara a bakin ruwa, kyauta, ka ɗauka ka sa wa ɗanka ka dawo da ita, yanzu ya bazu a jihar. A 2017 gwamnan jihar Bill Walker ya sa hannu a yarjejeniya da ƙabilu, su riƙa yin wani ɓangare na aikin kula da yara da kansu, kamar nemo dangin da za a ba yaro riƙo. Dalili, 'ya'yan 'yan asalin Alaska wajen kashi ɗaya cikin biyar ne na yaran jihar amma sun haura rabin waɗanda ke hannun hukuma. Amma a wannan Alaskar dai binciken 'yan jarida na 2019 ya gano ƙauye ɗaya cikin uku ba shi da ɗan sanda ko guda, sai an jira na jiha ya zo a jirgi.

Anti Rabi (Winipeg):
A Ikaluwit ma an buɗe cibiyar Umingmak a 2019. Maimakon yaro ya faɗa wa ɗan sanda, ya sake faɗa wa nas, ya sake faɗa wa ma'aikaciya, ya sake a kotu har ya gaji ya ce ƙarya yake, sai a haɗa su wuri ɗaya mai kama da gida, wanda ya ƙware ya yi masa tambaya, da yarensa in ya fi so. Ayislan ce ta yi fice da wannan tsarin tun 1998. Matsalar guda ce, tana Ikaluwit, yaron da ke sauran garuruwa 24 sai an sa shi a jirgi.

Sadiya_K:
Anti to ke fa tsakani da Allah, in aka kawo miki yaro kika ga alamar duka kuma kinsan in kin fada za'a iya daukeshi a kaishi kudu, zaki fada?

Anti Rabi (Winipeg):
Zan faɗa, kuma ba ni da zaɓi ma. Doka a Kanada ta wajabta wa duk wanda ya yi zargin ana cutar da yaro ya sanar, ba sai ya tabbatar ba, mu ma'aikatan lafiya kuwa lasisinmu ne a kai. Akwai alamomin da ba a wasa da su, jaririn da bai fara rarrafe ba a ga shatar rauni a jikinsa, rauni a kunne ko wuya ko ciki, karayar haƙarƙari, ƙunar da ta yi layi kamar an tsoma ƙafa a ruwan zafi, ko labarin da aka bayar bai yi daidai da ciwon ba. Irin wannan in ka mai da shi gida, dawowar da zai yi ta gaba ta fi muni. Abin da nake iya yi shi ne in gaya wa uwar da bakina kafin in kira in ba zai jefa yaron a haɗari ba, in samo tafinta daga cikin ma'aikatanmu 'yan gari, in tambaye ta wace inna ko kaka ce ta yarda da ita, in rubuta sunan a takarda don mai zuwa ya fara neman dangi kafin ya nemi jirgi.

Maman Ilham:
To in dangin ne masu rufa-rufar fa Anti?

Anti Rabi (Winipeg):
Sai jirgi, Maman Ilham. Shi ma yana faruwa.